Ina Aiki? Aiki da Godiya

Duk wanda ya taɓa kwana a Saulawa, ko a wani daga cikin garuruwan ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ya san yadda safiya take farawa. Da an fito daga masallaci sai gaisuwa ta ɓarke: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa. Kowace tambaya kuwa tafe take da amsarta a goye. Mutumin da ya wuni jiya yana saran rake har bayansa ya ƙage, in ka ce masa ina gajiya, cewa zai yi ba gajiya. Wanda ambaliya ta kwantar masa da rabin masara, in ka ce masa ina ruwa, sai ya ce ruwa ya yi gyara. Ba wanda zai kira su maƙaryata, domin ladabi ke nan da tawakkali, kuma da shi muka tashi. Aikin gaisuwa ɗaure zumunci. Mai son jin labarin gaskiya sai ya nemi wuri ya zauna, ya bari a gama gaisawa tukuna, sa'an nan ya sake tambaya da wata murya dabam.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance, 'yan'uwa ɗalibai da ku da kuka riga mu shiga aiki, shi ne wata al'ada da take yaɗuwa a wuraren aiki. Shugaban sashe ya kan ajiye rana, kowace Litinin ko kowace Juma'a, ya jefa wa ma'aikatansa 'yar gajeriyar tambaya, a wajen taro ko ta WhatsApp, game da abin da suka yi da abin da ya gagare su. Manufar ita ce a jawo zuciyar ma'aikaci cikin aikin, ya daina jin kamar ɗan ƙodago ne a gonar wani. Muna goyon bayan wannan al'ada, kuma za mu faɗi dalili. Amma muna da tsoro guda. A ƙasar da ta ƙware wajen tambaya mai amsa a goye, kafin a yi wata uku tambayar mako za ta iya rikiɗa ta koma gaisuwa. Shugaba ya ce ina aiki, a ce masa aiki da godiya, kowa ya kama gabansa.

Bari mu fara da dalilin goyon baya. A tarbiyyarmu yaro ba ya fara magana a gaban babba. Matashin da ya gama jami'a aka tura shi sakatariyar ƙaramar hukuma, ko makarantar sakandare, ko asibitin karkara, cikin makon farko zai hango abubuwan da waɗanda suka daɗe a wurin idonsu ya saba da su har sun daina gani. Zai ga fayil ɗin da ke zagaya tebur huɗu alhali biyu sun isa. Zai ga maganin da ke lalacewa a sito don ba wanda ke duba kwanan watansa. To, amma ya zai yi? In ya buɗe baki ba a tambaye shi ba, a ce ya cika shisshigi, ɗan bana bakwai ya zo koya wa iyayensa aiki. Sai ya yi shiru. Shekara biyu da wannan shiru, shi ma idonsa ya saba, ya zama mai zuwa ya sa hannu a littafi ya jira ƙarshen wata. Ta haka muke asarar ma'aikata tun suna kan kujerunsu. Tambayar da aka ajiye wa rana, wadda kowa ya san za ta zo kansa, izini ce ga ƙarami ya yi magana ba tare da ya keta ladabi ba. Ko wannan kaɗai ya isa a riƙe ta.

Gwamnati ma ta daɗe da sanin akwai wannan giɓi. Hukumar da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, kuma a ciki ta ba da shawarar shugaba da ma'aikacinsa su riƙa zama su tsara abin da ake son cimmawa, a kuma bar rubuta rahoton ma'aikaci a asirce, a nuna masa abin da aka faɗa a kansa. Abin da mutane suka riƙe na Udoji kuwa shi ne ƙarin albashi da kuɗin ariya, da babura da rediyoyin da aka saya da su. Shawarar zama a tattauna ta ƙare a takardar APER, wadda aka yi shekara da shekaru ana cikawa sau ɗaya a shekara, galibi a gurguje, sa'ad da zancen ƙarin girma ya taso. Wanda aka tambaya sau ɗaya a shekara, kuma ya san amsar za ta shiga fayil ɗinsa, mene ne zai faɗa in ba lafiya lau ba?

Ba sai mun je wata ƙasa ba kafin mu ga yadda tambaya a kai a kai take rayuwa da yadda take mutuwa. An gwada ta a nan ƙasar Zazzau, a kan malaman gona. A 1975 aka buɗe ayyukan raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya, daga baya irinsu suka game jihohi, har da namu na Kaduna, wanda shiyyarsa ta Maigana ta haɗa da Ikara da Maƙarfi da Kudan. A tsakiyar shekarun 1980 aka ɗora waɗannan ayyuka a kan wani tsari da ake kira horaswa da ziyara. Wani Ba'isra'ile mai suna Daniel Benor ne ya ƙago shi, ya gwada shi a Turkiyya, sa'an nan a Indiya tun daga 1974, Bankin Duniya kuwa ya ɗauka ya baza shi a Asiya da Afirka. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ana raba manoman da ke hannun malamin gona rukuni takwas, kowane rukuni da ranarsa tsayayya a cikin mako biyu, ta yadda manomi ya san ranar da malam zai zo, mai duba malam kuma ya san gonar da zai same shi. Rana ɗaya a kowane mako biyu malamai su taru, ƙwararru su koya musu abin da za su faɗa wa manoma a kwanakin da ke tafe, su kuma malamai su kawo matsalolin da suka tarar a gonaki. Sau ɗaya a wata ƙwararrun nan su zauna da masana bincike, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, su kai musu abin da ya gagara.

A kan takarda wannan tsani ne mai hawa da sauka. Kuma a yi masa adalci, ya yi amfani. Malamin gona da a dā aka watsar a ƙauye, ba mai tuna shi sai ranar da ake neman wanda zai raba taki ko ya bi bashi, ya sami ranar da zai ga 'yan'uwansa, ya ji sabon abu, a kira sunansa. A zamanin waɗannan ayyuka ne masara ta tashi daga 'yar shukar bayan gida da ake gasawa da damina ta zama amfanin da ake loda wa manyan motoci daga wannan yanki, ko da yake sabon iri da taki mai rangwame da hanyoyin karkara su ne suka ɗauki kaso mafi girma na wannan nasara.

Sai dai ƙafar sauka ta tsanin ta fi ta hawa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wannan shi ne babban sukar da masana suka yi wa tsarin a ƙasashe da dama. A ƙaddara wani malami ya taso daga wajen Saulawa ya zo taron mako biyu. Aka ce, malam, mece ce matsalar manomanka? Ya ce, ranka ya daɗe, sun ji batun zuba taki kashi biyu, amma takin bai iso ba sai da masara ta fara fitar da kai. Aka rubuta. Bayan mako biyu aka sake tambayarsa, ya maimaita, ya ƙara da cewa shi kansa babur ɗinsa na jingine don ba kuɗin mai. Aka rubuta. Waɗanda suke tambayarsa ba mugaye ba ne, amma taki ba a hannunsu yake ba, kuɗin mai ma haka, an kuwa tsara aikin ne a kan isar da saƙon fasaha kawai. A zama na biyar me kuke tsammani zai ce? Cewa zai yi ba wata matsala, ranka ya daɗe, sai godiya. Ya gane cewa amsarsa ba ta motsa ko tsinke, ya mai da tambayar gaisuwa, ya amsa ta yadda ake amsa gaisuwa. Da rancen Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990, aka kuma janye rangwamen taki a 1997, kuɗin zirga-zirga da na taro suka yi wuya, Bankin da kansa ya juya wa tsarin baya kafin ƙarshen ƙarnin. A ganinmu tambayar ta riga kuɗin mutuwa.

A wannan ƙasa ɗaya kuwa an ga akasin haka, shekaru ashirin kafin nan. A 1966 zuwa 1967 wani masanin tattalin arzikin noma a Samaru, David Norman, da abokan aikinsa suka zaunar da masu ɗaukar bayani a ƙauyuka uku na ƙasar Zariya, watau Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka ta kan hanyar Kano. Sau biyu a mako, shekara guda cur, ana zuwa wurin magidanta ana tambayarsu aikin da aka yi a gona, da wanda ya yi shi, da tsawon lokacin da ya ci. A wancan zamani shawarar masana ita ce manomi ya shuka abu ɗaya a gona ɗaya, ana kuma ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a matsayin rashin wayewa. Da aka tara amsoshin sai lissafi ya nuna manomi ya fi masana gaskiya: haɗin nan ya fi kawo riba a kan kowace eka, ya fi kuma tsare gida daga yunwa in damina ta yi gardama. Aka kuma gane cewa abin da ya fi ɗaure manomi shi ne ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko, shi ya sa ba ya shuka auduga da wuri yadda ake ta roƙonsa, don ba mai barin abincin iyalinsa ya tafi wajen auduga. Masu tambaya suka yarda amsa ta gyara su. Binciken haɗa shuka ya sami gindin zama a Samaru, kuma wannan aiki yana cikin tushen fannin nazarin tsarin noman ƙananan manoma da ya bazu a duniya daga baya.

Mun san manomi ba ma'aikacin Samaru ba ne, amma darasin ɗaya ne. A wuri na farko an tambayi malamin gona kowane mako biyu, amsarsa ta tsaya a littafi. A wuri na biyu an tambayi manomi kowane kwana uku ko huɗu, amsarsa ta sauya abin da masu digiri suke koyarwa. Yawan tambaya bai raba su ba, abin da aka yi da amsa ne ya raba su.

Turawa ma da tuntuɓe suka gano haka. A masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Chicago a Amurka, tsakanin 1928 da 1930 an zauna da ma'aikata kimanin 21,000 ɗaya bayan ɗaya. Da farko tambayoyi aka jera musu, sai aka lura kowa yana kaucewa zuwa abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, dole aka saki jerin aka bar ma'aikaci ya ja zancen. A ƙarshen shekarun 1990 kuma kamfanin Gallup ya fito da tambayoyi 12 na auna yadda zuciyar ma'aikaci take cikin aikinsa. Wanda ya duba su zai yi mamakin sauƙinsu. Akwai mai neman sanin ko ma'aikaci ya san abin da ake bukata daga gare shi, akwai ta kayan aiki, akwai ta ko ana ɗaukar ra'ayinsa da daraja. Malaminmu na wajen Saulawa mai babur a jingine da ya amsa ta kayan aiki tun kafin a rufe baki.

Yau abin ya zo da sauƙin da Benor bai yi mafarkinsa ba. Ba a bukatar mota ko alawus ɗin zama kafin shugaba ya ji daga bakin ma'aikaci ashirin da ke warwatse tsakanin Hunƙuyi da Ikara, saƙon murya ɗaya ya isa. Kamfanin Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa ya kuma fara aiki a wannan yanki a 2012, ya gina aikinsa a kan ƙananan rukunonin manoma, kowane da shugabansa, da jami'an da ke bin gonaki da waya a hannu. Kuma bukatar jin labari da wuri ba ta ragu ba. A 2016 ƙwaron tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ya share gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, a shekarar ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya. Irin wannan annoba idon da ke bakin fadama ne yake fara ganinta, makonni kafin ta isa teburin kowa a Kaduna. Amma sauƙin nan yana da nasa haɗari. Tambayar da ba ta ci wa mai yin ta komai ba, wadda ma ana iya saita waya ta riƙa aikawa da kanta kowace Litinin, ita ce ta fi saurin zama gaisuwa. Duk mun ga zaurukan WhatsApp na ofis inda shugaba zai yi tambaya, mutum goma sha biyar su jera hoton babban yatsa a ƙarƙashinta.

Akwai masu suka, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Wasu dattawan aiki suna cewa in ka saba tambayar yaro ra'ayinsa, gobe zai hau kanka. Wannan ba ta dame mu ba, domin maigidan gandu ma ya kan tambayi 'ya'yansa wace gona ce ciyawa ta fi ci kafin ya raba aikin gobe, girmansa kuwa bai ragu ba. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ƙananan ma'aikata da kansu, masu cewa tambayar tarko ce: ka faɗi abin da ya gagare ka, a ajiye, ranar da aka so a ci maka mutunci a zaro. Wasu daga cikinmu da suka yi aikin hutu a wani ofis, wanda ba za mu ambata ba, sun ga an yi haka. Wani akawu ya faɗa a taron mako cewa lissafin man janareta ba ya daidaita, kafin wata ya ƙare aka mai da shi wani sashe inda ba abin lissafawa. Daga ranar ba a sake jin matsala a wannan taro ba, shugaban kuwa har yabon kansa yake yi wai ofishinsa ya zauna lafiya. Akwai kuma maganar da ba ta da amsa: wanda ake bi bashin albashin wata uku, in ka tambaye shi abin da zai ƙara masa sha'awar aiki, ka yi masa ba'a ne. Tambaya ba ta maye gurbin haƙƙi. A biya tukuna.

To, ga ku da za a damƙa wa ɗan sashe nan da shekara kaɗan, mutum biyar ko goma, a makaranta ko sakatariya ko ofishin gona, abin da muke ba da shawara kaɗan ne. Ku yi tambayar da ba a iya amsa ta da lafiya lau. Kada ku ce yaya aiki. Ku ce, Malam wane, wane aiki ne ya tsaya maka a makon nan, kuma a hannun wa ya tsaya? Ku ce, Malama, cikin takardun da kike cikawa wace ce kike ganin ba mai karanta ta? Tambaya ɗaya ta isa a zama ɗaya, kuma in mutum ya kauce zuwa wani abu, ku bi shi, wataƙila can ne ciwon yake. Kada ku tsallake direba da masinja da maigadi, su ne suka san inda takarda take kwana da wanda ya zo ya jira awa uku ya koma. Wanda kuka san ba zai iya magana a gaban manya ba, musamman mace ɗaya a cikin maza goma, ku tambaye ta a gefe, ko ku karɓi amsa a rubuce. Ku ma ku amsa tambayar a gabansu, ku faɗi abin da ya gagare ku, domin yaro ba zai tona nasa ba alhali babba ya rufe nasa.

Mafi muhimmanci duka, kada ku yi sabuwar tambaya sai kun biya bashin tsohuwa. Ku buɗe zaman wannan mako da amsoshin makon jiya: wane ya ce kaza, an yi, wance ta ce kaza, mun kai sama, ga abin da aka ce mana, na wane kuwa ya fi ƙarfinmu, ga dalili. Ma'aikaci yana iya haƙuri da a'a in an gaya masa dalilinta. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ya jefa magana a rijiya bai ji ko ƙarar faɗuwarta ba. In kuma kun san a sashenku ba abin da za ku iya sauyawa, ko ranar taro, ko rabon babur, ko wanda zai fara zuwa hutu, to ku bar tambayar har ku sami abu ɗaya da yake hannunku, ku fara da shi.

Akwai kuma alamar da za ku riƙa dubawa. Ku ajiye ɗan littafi ku rubuta amsoshin kowane mako. Ranar da kuka ga mako uku a jere ba wanda ya kawo matsala, kada ku rubuta wa na sama cewa sashe ya daidaita. Ku rufe ofis, ku hau babur, ku bi malamin gona har bakin gonar da ya ce yana zuwa ranar Talata, ku gaisa da shi yadda ya kamata, ina gajiya, ba gajiya, ku nemi inuwa ku zauna, sa'an nan ku sake tambayarsa.